Babi na Biyar: Inda Ƙasa Ta Tanƙwara Hanya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kano, ko Katsina, ko Haɗeja, ya kuma koyi hawan babur a kan titunan nan da suka miƙe sambal tsakanin gonakin gero da dawa, inda mutum ke hango motar da za ta gifta shi tun tana can nesa tana rawa cikin kawalwalniya, to, da wuya ya san cewa akwai wani irin daɗin tuƙi da Allah Ya ajiye a wuraren da hanya ba ta da ikon miƙewa. A miƙaƙƙen titi aikin mahayi ɗaya ne, ya murɗa totur ya jure wa iska har ya isa. Amma a hanyar duwatsu, inda kwana ke bin bayan kwana, ido da hannu da ƙafa da hankali duk sai sun yi aiki tare a lokaci guda, babur ya kwanta dama, ya miƙe, ya kwanta hagu, kowace lanƙwasa kuma idan ta ƙare sai ta buɗe wa mutum wata fuskar ƙasa da bai taɓa gani ba. Maƙasudin wannan babi shi ne bayanin yadda ake neman irin wannan hanya, ga mutumin da ba shi da hutun da ya wuce na ƙarshen mako.

Asalin al'amarin, wanda in mai karatu ya riƙe shi sauran duk za su zo masa da sauƙi, shi ne injiniya ba ya lanƙwasa hanya don nishaɗi. Kowace kwana ƙarin kuɗi ce gare shi, ƙarin kwalta, ƙarin kwalbati, ƙarin fasa dutse, saboda haka muddin ƙasa ta ba shi dama zai ja hanyarsa a miƙe. Ba ya karkata sai an tilasta masa, masu tilasta masa kuwa galibi biyu ne: tudun da ya fi ƙarfin babbar mota mai kaya ta hau shi kai tsaye, sai an zagaya da ita a raba mata hawan kaɗan-kaɗan, da kuma kogin da ya haƙa wa kansa kwari, hanya ta rasa wurin bi sai gefensa. Bisa ga haka, mai neman hanya mai kwana ya fara da tambayar inda ƙasa ta tashi da inda ta faɗi, ya bar sunayen garuruwa sai daga baya.

A nan taswira take da fa'ida, da sharaɗin a san irin wadda za a duba. Taswirar da ke nuna tituna kaɗai ba ta wadatarwa, domin sau da yawa takan miƙar da abin da yake a lanƙwashe. Wadda ake buƙata ita ce mai nuna tudu da gangare, ko ta takarda irin wadda ma'aikatan safiyo suka zana, ko wadda ke cikin waya, domin Google Maps da makamantanta suna da shafin da ke nuna yanayin ƙasa. A irin wannan taswira za a ga siraran layuka, kowanne yana bin wuraren da tsayinsu daga teku ɗaya ne. Inda layukan suka yi nesa da juna ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, inda kuma suka matsu har suka kusa haɗewa, nan ne dutse ya miƙe tsaye. Sai mutum ya nemi wurin da titi ya ratsa waɗannan matsattsun layuka, ya faɗaɗa hoton ya duba: in ya ga titin yana komawa baya yana dawowa, ya samu abin da yake nema. Akwai kuma abin lura game da waya, cewa ita an gina ta ne don ta kai mutum da sauri, don haka kullum babban titi take zaɓa masa. Wajibi ne mahayi ya sa mata ƙananan garuruwan da yake son ratsawa ɗaya bayan ɗaya, ya kuma sauke taswirar tun yana gida, saboda a cikin kwari sabis yakan ɗauke.

In aka shimfiɗa taswirar Arewacin Nijeriya aka yi mata wannan irin kallo, ido ba zai daɗe yana yawo ba zai tsaya a tsakiya, kan tsaunin Jos. Birnin Kano yana bisa teku da abin da bai kai mita 500 ba, alhali Jos tana wajen mita 1,200, duwatsun Shere da ke gabashinta kuma sun haura mita 1,800. Daga wannan tudu ne manyan kogunanmu da dama suka samo asali, kogin Kaduna ya nufi yamma, Gongola ya nufi gabas kafin ya juya ya faɗa Binuwai, waɗansu kuma suka gangara arewa suka zama ruwan da ake noman rani da shi a Haɗeja da Jama'are. Ta arewa hawan a hankali yake, har matafiyi daga Saminaka zuwa Jengre ba ya cika jin yana hawa sai dai ya ji iska ta sauya. Amma ta kudu da yamma tsaunin yankewa ya yi, ya faɗi da ɗaruruwan mitoci cikin ɗan taƙi, kuma a wannan baki ne hanyoyin da muke magana a kansu suke.

Fataken da, masu jakuna da takarkarai, gudun irin waɗannan wurare suke yi, madugu kuwa ana yaba masa ne gwargwadon yadda ya san hanyar da za ta kauce wa dutse. Dawakin yaƙi ma ba su ji daɗin wurin ba, shi ya sa al'ummomin da ke zaune a can, Birom da Angas da Mwaghavul da Afizere da mutanen Ganawuri da na Kagoro, suka riƙe harsunansu da al'adunsu a bayan duwatsu da shingayen ƙerana. Abin da ya fasa tsaunin da hanyoyi shi ne kuza. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka dira a kansa suna haƙa, aka ja siririn layin dogo daga Zariya wanda ya isa Jos da Bukuru a 1914, ya yi aiki har 1957, sa'an nan babban layi ya hauro daga Kafanchan a 1927. Tafkunan nan masu ruwa kore-kore da mahayi zai riƙa gani tsakanin Bukuru da Barikin Ladi ramukan kuza ne da ruwa ya cika, ga kyau a ido, amma zurfinsu ya ci rayuka da yawa, kada zafin tafiya ya sa kowa ya yi sha'awar wanka a cikinsu.

Zagayen da na fi so in shawarci mai farawa da shi yana tashi daga Jos ya dawo Jos, tsawonsa ya ɗara kilomita 200, wuni guda kuma ya ishe shi ba tare da gaggawa ba. A fita da sassafe ta Bukuru, a karkata zuwa Vom, inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi take tun 1924, a ratsa filayen acca da dankalin Turawa zuwa Ganawuri, garin mutanen da aka sani da ƙananan dawakinsu masu jure wa dutse. Daga nan ƙasa za ta fara sulalewa ƙarƙashin taya, a sauka Manchok cikin Jihar Kaduna, a ga dutsen Kagoro ya tokare sama, doguwar katanga wadda garin ke kwance a gindinta, inda ake bikin Afan ranar 1 ga Janairun kowace shekara. Mai lokaci ya leƙa Kafanchan ya ga mafaɗar ruwa ta Matsirga, sa'an nan ya kama hanyar Gidan Waya har ya fita babban titin da ya taho daga Akwanga, ya juya hagu. Ba da nisa ba zai iske mafaɗar ruwan Assop, wurin da ya dace a kashe inji, a yi alwala, a bar birki da taya su huce, domin abin da ke gaba shi ne Hawan Kibo.

Hawan Kibo ya cancanci a daɗe a kansa, domin shi ne mafi shahara a wannan yanki, shi ne kuma mafi cin amanar wanda ya raina shi. Titin ya manne wa jikin dutse yana hawa yana juyawa, dutse a gefe guda, rami a ɗaya gefen, idan mutum ya sami wurin da ya buɗe ya tsaya ya waiwaya, sai ya ga ƙasar da ya baro ta shimfiɗu a ƙasa, kurmi-kurmi da hayaƙin ƙauyuka, har iyakar ganinsa. Sai dai wannan hanya ce ta tirela da tankar mai da motocin dankali da tumatir, kuma kowane direba a Arewa ya san labarin manyan motocin da birki ya tsinke musu a wannan gangare. Dalilin da ya sa na zaɓi a bi zagayen ta yadda za a hau shi maimakon a sauke shi ke nan: mai hawa, da ya sassauta totur nauyinsa da kansa zai rage masa gudu, kuma abin da ke gangarowa yana gabansa yana kallonsa, ba a bayansa ba. Akwai alamu biyu da ya kamata ido ya saba da su a nan. In ka ga an jera ganye ko rassan itace a kan kwalta, to mota ta lalace a bayan kwanar, wataƙila ta cinye rabin titi. In kuma ka ga ƙaton dutse zaune a tsakiyar hanya ba dalili, yaron mota ne ya tare taya da shi jiya da dare, da aka gyara suka tashi suka bar shi, kusa da shi kuma galibi akwai baƙin tabon man gas ko baƙin mai, wanda santsinsa a ƙarƙashin tayar babur ya fi na ruwa. Da an ƙare hawan sai iska mai sanyi ta doki fuska, a wuce duwatsun Riyom da aka ɗora wani kan wani ba hannun mutum, a shiga Jos kafin la'asar ta yi sanyi.

Wanda ya riga ya san wannan zagaye sai ya juya kudu maso gabas, ta Barikin Ladi da Mangu da Panyam zuwa Pankshin, inda Angasawa suka yanka jikin duwatsu suka yi gonaki hawa-hawa da katangun dutse, daga nan hanya ta gangara zuwa Langtang har a hango dutsen Wase tsaye shi kaɗai a fili. Masu sha'awa za su ce ina aka bar Mambila, kuma gaskiyarsu, domin hawan da ya tashi daga Mayo Selbe bayan an wuce Serti, ya bi ta Maisamari da Nguroje zuwa Gembu, a ganina babu kamarsa a duk Arewa, tsaunin da kansa yana wajen mita 1,600, ga gonakin shayi a Kakara, ga Chappal Waddi a yankin, wanda da mita 2,419 ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya. Amma wannan tafiyar ƙarshen mako ce ga mutumin Jalingo kaɗai. Bakano ko Bazazzagi da ya ce zai je ya dawo cikin kwana biyu zai ƙare hutunsa ne a miƙaƙƙen titi, ya iso gindin dutsen a gajiye, a lokacin da ya fi bukatar hankalinsa.

Taswira dai tana faɗin siffar hanya, ba ta faɗin halin da take ciki a wannan mako. Ba ta san gadar da ruwa ya cinye ba, ba ta san inda kwalta ta ƙare aka koma burji ba, uwa uba ba ta san inda aka yi tashin hankali shekaranjiya ba. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, yankunan nan da nake yabo, Riyom da Barikin Ladi da Mangu da kudancin Kaduna, da dajin Falgore da Bakano zai ratsa ta Tudun Wada da Doguwa, duk sun ga rikici da fashi da satar mutane a shekarun nan, akwai lokutan da tafiyar nishaɗi a cikinsu ganganci ce tsantsa. Saboda haka tambaya wajibi ce, matambayi kuwa ba ya ɓata. Wurin tambaya shi ne tasha, wajen direbobin da ke bin layin kullum, da 'yan kamasho, da masu faci na bakin hanya. A yi sallama, a gaisa a tsanake, sa'an nan a ce, "Malam direba, don Allah yaushe rabonka da hanyar Manchok?" In ya ce, "Ai yanzun nan na fito ta can, Alhaji," to maganarsa abin riƙewa ce, sai a bi shi da tambaya dalla-dalla, ina ramuka suka fi yawa, shinge nawa ne, ƙarfe nawa motoci ke daina bi. In kuwa ya ce "an ce lafiya lau," a gode masa a nemi wani. Labarin hanya a auna shi yadda malaman hadisi ke auna riwaya: a san wanda ya faɗa, a san ko da idonsa ya gani ko ji ya yi, a kuma nemi mutum biyu ko uku da ba tare suke ba su faɗi abu guda. Idan bakinsu ya saɓa, a ɗauki maganar wanda ya fi tsoratarwa.

A haɗa da tambayar doka, domin babur a ƙasar nan ba ko'ina yake da 'yancin yawo ba. Jihar Kano ta hana acaɓa a cikin birnin Kano tun 2013, cikin garin Jos ma an hana, waɗansu jihohi kuma saboda 'yan bindiga sukan taƙaita hawan babur a wasu ƙananan hukumomi ko a wasu sa'o'i, dokokin kuma suna sauyawa. Mahayi ya riƙe takardun babur da lasisinsa da katin shaida a aljihun da hannu ke saurin kaiwa, in ya doshi shingen jami'an tsaro ya rage gudu tun daga nesa, ya ɗaga gilashin hular kwano a ga fuskarsa. A wasu shingayen ma akan bukaci ya sauka ya tura babur ya wuce, ya yi hakan ba gardama.

Game da lokacin shekara, ni kaka na zaɓa, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, sa'ad da ruwa ya ɗauke amma ciyawa ba ta bushe ba, mafaɗan ruwa suna cike, sama kuma garau. Da damina tsaunin ya fi kyau, sai dai ruwan Jos ba ya sallama, yakan sauko da rana tsaka, wani lokaci har da ƙanƙara, ya wanko yashi da tsakuwa ya zube su daidai cikin kwana. Da hunturu kuwa hazo yakan rufe nesa, a hau dutse a rasa abin gani, sanyin asuba kuma yana sandarar da yatsu har su kasa kama birki, don haka safar hannu da rigar sanyi mai kauri ba ado ba ne a can.

Ba sai da babban babur ake wannan tafiya ba. Boxer ko Jincheng da ke cikin ƙoshin lafiya za ta hau duk inda na ambata, illa dai za a ji ƙarfinta ya ɗan ragu a sama saboda iska ta yi sirara, sai a yi haƙuri da ita a sauko da giya. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne taya da birki da sarƙa, a kai wa bakanike ya duba su kwana biyu kafin tafiya, a ɗauki fulogi da tiyub da famfo da 'yan spanoni, a cika tanki a gidan mai duk inda aka samu ba sai ya yi ƙasa ba. Ladabin kwana kuma kaɗan ne, amma ba ya karɓar uzuri. A rage gudu kafin a shiga, tun babur yana tsaye, domin matse birkin gaba a tsakiyar lanƙwasa yana kayar da mahaya da yawa. A sa ido can inda kwanar ke fita, saboda babur yana bin inda mai shi ke kallo, wanda ya ƙura wa rami ido ramin zai nufa. A tsaya a hannun dama ko da titi ya yi kamar ba kowa, domin doguwar mota ba ta iya shan kwana sai ta ci hannun wani. A gangare kuma kada a kashe inji ko a riƙe kuloci don tsimin mai, kamar yadda wasu 'yan acaɓa ke yi. A sa ƙaramar giya inji ya riƙe babur, birki ya zama mataimaki, in ba haka ba zai yi zafi ya daina kamawa tun ba a kai rabi ba. Shanu ma suna da haƙƙinsu a wannan hanya, in garke ya tsallaka a tsaya cak, a gaisa da makiyayi, a jira na ƙarshe ya wuce, don ɗan maraƙi yakan biyo baya a guje. In tafiyar ta ƙungiya ce, a sa mafi sanin hanya a gaba, mafi haƙuri a baya, kowa ya yi tafiyar da zai iya, a yi alkawarin jiran juna a kowace mararraba.

Saura lissafin lokaci, wanda a hanyar dutse da sa'o'i ake yinsa, domin kilomita 40 na hawa da tsaye-tsayen kallo sukan ci abin da 80 ke ci a fili. Mutumin Bauchi, da ke da wajen kilomita 130 ta Toro, Asabar da Lahadi sun ishe shi. Na Abuja ya taho ta Keffi da Akwanga, Hawan Kibo yana kan hanyarsa tun ranar farko. Bakano kuwa yana da kusan kilomita 300 kafin ya fara, don haka sai ya haɗa da Juma'a, a nan kuma ya tuna malaman mazhabar Malikiyya sun karhanta fita tafiya bayan alfijir ranar Juma'a, sun haramta ta bayan zawali kafin a yi salla, sai ga wanda ya tabbata zai riski Juma'ar a hanya. Mafita ita ce ya yi sammako sosai ya yi niyyar sallatar ta a Saminaka ko a Jos. Tafiyar ta wuce mil 48 da ake ƙasaru a cikinsa, don haka zai mayar da masu raka'a huɗu biyu, kuma ya zo a hadisi cewa sahabbai sukan yi kabbara in suna hawa tudu, su yi tasbihi in suna gangarawa, sunnar da ba ta da wurin raya ta da ya fi wannan hanya. Ranar Asabar ya yi zagayensa, ya kwana. Ranar Lahadi kada kasuwar Terminus da sayen dankali da kabeji su riƙe shi har rana ta take. Ya ɗaure kayansa tun dare, ya bar Jos da hantsi, yadda zai ratsa dajin Falgore rana na sama, motoci na kai da kawowa, ya yi la'asar a Tudun Wada ko Kwanar Ɗangora.